Dawar Haggai a Gaban Alƙali

Haggai, tsohon sojan nan da ya dawo daga yaƙin Bama da ɗingishi, ya rasu a tsakiyar daminar 1954. Ya bar matarsa Leah da 'ya'ya uku, da gona ɗaya a gindin dutse. Kotun En'e ta Zuru ta ɗora wa ƙaninsa Mika riƙon kayan gado, aka ba shi kwana arba'in ya kawo takardar duk abin da mamacin ya bari. In wa'adi ya cika babu takarda, kotu za ta karɓi riƙon ta yi gwanjon abin da ke gona. To, dawar da aka sayar a tsaye kuwa, kowa ya san araha take tafiya, Leah da yara su shiga rani da rumbu wayam.

Mika bai iya rubutu ba, sai ya je wurin malamin kotu, Malam Muntaka, yana faɗa ana rubutawa. Awaki huɗu, keke mara birki, akwatin ƙarfe, bargon soja, gatari biyu. Har tsohon takalmi bai bari ba.

"Dawa dami nawa?" in ji Malam Muntaka.

"Tana gona."

"Na ji tana gona. Kimanta mana, ka ce talatin ko arba'in."

"Malam, ni ban ƙirga dawa a tsaye. Tsuntsu bai gama cin nasa ba. In na ce arba'in aka samu talatin, wa za a ce ya kwashe goma?"

Haka layin nan ya zauna babu komai, kwanaki suna tafiya. Leah kuwa kullum da safe sai ta je ta tsaya bakin gonar.

Ranar da wa'adi ya cika, Mika ya biya ta gona ya karyo zangarniya ɗaya, ya cusa a aljihun riga. Alƙali dattijo ne mutumin Kabi, ba ya son dogon zance. Ya duba takarda, ya ɗago kai.

"Mika, mi ya hana ka cika wanga wuri?"

Hausar Mika ta kasuwa ce, a gaban manya takan gudu ta bar shi. Sai kawai ya zaro zangarniyar ya ajiye a kan buzun alƙali.

Malam Muntaka ya ce, "Allah gafarta malam, ya kawo mana goron shari'a."

Aka yi dariya kaɗan. Alƙali bai yi ba. Ya ciri ƙwaya ɗaya ya matse da farce, farin ruwa ya fito kamar nono. Ya shafa a yatsa, ya daɗe yana kallo, don shi ma yana da gona a bayan gari.

"Wagga ko tsuntsu sai ya yi haƙuri. Rubuta, an ƙara mai wa'adi har a ɗaure dami."

Malam Muntaka ya ce, "Takarda ba ta san dami ba, Allah gafarta malam. Rana take so, da wata."

Alƙali ya juya ga Mika. "Yaushe kuke yanka?"

"Ranka ya daɗe, in ta bushe."

"Kai dai ba ka da sauƙi. Kwana sittin sun ishe ta?"

Mika ya lissafa da yatsunsa, ya ƙara kwanakin shanya da na ɗaukowa gida. "Saba'in."

"Saba'in. Amma ranar ɗauri, Malam Muntaka zai zo ya ƙirga da idonsa."

Malam Muntaka ya tsoma alƙalami a tawada yana gunaguni, wai gonar da nisa, ga hawan dutse. Ya dai rubuta.

A waje Leah na zaune a inuwar ɗorawa da goyo. Mika ya gaya mata saba'in. Ta gyara zani ta miƙe, ta ce to, sai a nemo masu yanka tun yanzu, kafin kowa ya shiga tasa gonar.