Duwatsu Tara Masu Shuɗin Tabo

Shekara ashirin da biyu ina huda duwatsun carbi da na abin wuya, kuma ba na son mai kaya ya koya mini aikina. Maigidan da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, ƙa'idarsa ɗaya ce: in dutse yana da tabo, ka bi da huji ta kansa, zare ya rufe sauran.

Ran Litinin wata mata mai suna Juliet, ma'aikaciyar gwamnati, ta zo shagona a Wuse. Ta kwance hankici, ga duwatsu tara farare tas kamar ƙanƙara, kowanne da ɗan shuɗin tabo a ciki. Ta ce marigayi babanta ne ya tsinto su lokacin da yake haƙa rijiyoyi a wajen Karshi, tana son abin wuya.

"Malam Sadisu, wannan blue ɗin..."

"Madam, na gani," na katse ta. "Ki dawo Alhamis."

Na yi aikin da ni kaina na yaba. Na saita bakin injin huji a kan kowane tabo, na cinye shi ƙaf. Ina gama na takwas aka ɗauke wuta, kwana biyu ba ta dawo ba.

Ran Alhamis na shimfiɗa mata su ina jiran yabo. Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken ƙofa, ta ɗaga na biyu.

"Ina blue ɗin?"

"Na cire miki dattin."

"Ba datti ba ne." Ko murya ba ta ɗaga ba. "Ma'adini ne, a cikin dutsen ya fito. Sai ka fasa dubu ba ka ga ɗaya ba. Baba ya yi shekara talatin kafin ya tara waɗannan." Ta dubi kwanon ruwan da ke ƙarƙashin inji, inda garin dutse ke taruwa. "Garinsa fa?"

Tun ran Talata na zubar da ruwan a kwata. Kunya ta rufe ni, bakina kuma ya ƙi yin shiru.

"Saura ɗaya ban taɓa ba. In wuta ta dawo..."

Ta ɗora tafin hannunta a kansa. Ta ƙulle shi a hankicin, ta biya ni cif, ta fita ta bar takwas ɗin a kan tebur.

Na zura musu zare na rataye a ƙusa, saitin inji. Duk wanda ya gani sai ya ce aiki ya yi kyau.