Burodin Anshel a Kogon Bishiya

Kafin yaƙi, gidaje goma sha huɗu ne na Yahudawa a ƙauyen su Anshel, can Alsas. Yanzu shi kaɗai ya rage, tun da ɓarin jikin matarsa Fradel ya shanye aka kai ta gidan jinya na sistoci da ke yamma da ƙauyen.

Ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ba a hawa abin hawa sai in rai na cikin haɗari, ba a fita da kaya a hannu, ba a kuma wuce kamu dubu biyu daga gidan ƙarshe na gari. Sai dai in da wata larura ta lada, mutum zai iya kai abincin ci biyu bakin iyakar tun ranar Juma'a, wurin ya zama kamar masaukinsa, ya sake ƙirga kamu dubu biyu daga nan. Amma gefe ɗaya ake zaɓa. Shekara da shekaru gabas Anshel yake kai nasa, don majami'ar Yahudawa da ta rage tana garin da ke maƙwabtaka da su, maza tara ne a cikinta, shi ke cika su goma. Tun kwanciyar Fradel ya koma kaiwa yamma.

Ran wata Juma'a da hantsi yana naɗe burodi a ƙyalle sai ga Getshel mahauci a kan keke, yana haki.

"Tsoho, gobe shekarar rasuwar babana ke zagayowa. Ba goma, ba addu'a. Ko so kake in jawo akuya in ƙirga da ita?"

"Ai ta fi ka murya."

"Bar wasa, Anshel. Ka je mata Lahadi mana, ga mota nan. Wallahi ba ta ma gane ka."

"Na sani."

"To?"

"Ita kaɗai ce a gidan nan. In ban je ba, wa zai gaya mata Asabar ta yi?"

Getshel ya daɗe yana murza ƙararrawar keken da babban yatsa. Sannan ya juya ba sallama.

Da la'asar Anshel ya taka zuwa tsohuwar bishiyar da ke bakin gonakin inabi, daidai iyakar ta yamma, ya cusa ƙullin cikin kogonta, ya karanta addu'ar da ake yi, ya dawo. Shi ya kunna kyandirorin shigar Asabar da kansa, aikin da Fradel ta yi shekara arba'in da ɗaya. Ya ci kifinsa mai sanyi yana fuskantar bango.

Washegari ya sa baƙar rigarsa, ya zazzage aljihu, ko hankici bai bari ba. Ya fita hannu rabbana cikin yayyafi. Manoma na ɗaga masa hannu daga kan tarakta, yana amsawa da ka.

Sista Odil, babbar gidan jinyar, ita ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Anshel, saƙonmu bai iso ka ba? Jiya da yamma ta faɗo daga gado, ƙugunta ya karye. An tafi da ita babban asibiti a birni."

"Da rai?"

"Da ranta, likita ya ce ba abin tsoro. Direbanmu zai shiga birni yanzu, zo ya kai ka."

Anshel ya kalli motar, injinta na ruri a tsakar gida.

"Kin ce ba abin tsoro?"

"Haka ya ce."

"To ba zan iya ba, Sista. Na gode."

Ta dai ce ɗakin Fradel a buɗe yake.

An riga an cire zanin gadon. Tabaran Fradel na kan teburi, da matajinta mai haƙori biyu a karye. Ya kai hannu zai ɗauka, ya tuna ba halin fita da su, ya janye. Ya zauna a kujerarsa ta kullum. A daidai wannan lokaci Getshel na can yana leƙen hanya, su tara, kuma ko da Anshel zai tashi da gudu, gabas ta rufe gare shi sai rana ta faɗi. Ya fara rera waƙar da yake rera mata a hankali, ya kai tsakiya ya ji wata tsohuwa a ɗakin kusa tana buga bango, sai ya yi shiru.

Sai da rana ta faɗi ya ɗauki tabaran da matajin ya koma gida. Ranar Lahadi ya hau jirgin ƙasa na farko. Ya tarar da ita cikin dogon ɗaki mai gadaje ashirin, tana barci, bakinta a buɗe. Ya ɗora mata tabaran a gefen matashi, ya taje mata gashi. Har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya ba ta farka ba. Wata ma'aikaciya ta taɓa kafaɗarsa, ta ce ranar dubiya ta gaba Laraba ce, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu.