Rigar Sanyin Baba

Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar ƙauyenmu tun da asuba, wutar lantarki ta bi ta tafi. Da hantsi ni da Baba muna ɗaki ɗaya, muna kallon sobiya, murhun ƙarfen da ke ɗumama gidan, wadda sai yau muka fara hura ta a bana, tana feso mana hayaƙi ta kowace kafa.

Baba, wato Abu Nayif, shekararsa saba'in da takwas, ga asma. In na rufe taga hayaƙi ya shaƙe shi, in na buɗe sanyi ya kama masa ƙirji. Maganin asmar da yake shaƙa ya kusa ƙarewa, asibiti kuwa yana can gangaren dutse, ba motar da za ta hau ko ta sauka. Na lulluɓe shi da bargo uku, amma har yanzu ina jin numfashinsa yana fito kamar tsohuwar buta.

"Itacen ne," in ji shi. "Ɗanye ne."

"Baba, da hannunka ka faskara shi shekara biyu da suka wuce."

"To ya jiƙe."

Na ɗauko guda biyu na gwara su. Itacen sindiyan ne mai tauri, busasshe ƙayau, ƙararsa tas, bakinsa duk ya tsage. Na miƙa masa, ya sunsuna ya kau da kai. Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, sai dai ya canza magana.

"Uwarki ashana ɗaya take ƙyastawa."

Haushi ya turnuƙe ni. Wata biyar ke nan da rasuwar Mama Wafiƙa, kuma wata biyar ina jin wannan magana a kan shayi, a kan miya, har a kan yadda nake naɗe tabarma. Na zo ne daga Beirut in yi kwana arba'in. Shagon ɗinkin da nake wa aiki tuni sun sa wata a kekena.

Na kira Nayif, yayana, tunda shi ya zo makon jiya ya ɗaura bututun hayaƙin sobiyar, ya sha kofi a tsaye ya gudu.

"Hayat, kin buɗe ƙofar iskar ƙasa?"

"Na buɗe."

"Kin kwashe toka?"

"Yaya, a gidan nan aka haife ni."

"To ƙona jarida a ciki tukuna, bututun ya yi ɗumi. Sanyi ne ke danne hayaƙin. Ke dai ba ki da haƙuri."

Ina jin ƙarar talabijin a bayansa. Na yi tsaki na kashe waya, amma na ƙona jaridar. Harshen wutar ya tsaya cak, ko karkata bai yi wajen bututu ba, sannan hayaƙin ya dawo mini a fuska. Baba ya sarƙe da tari har idonsa ya firfito. Na wangale taga, ƙanƙara ta zubo kan shimfiɗa, leɓensa ya fara canza launi. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na ga zan iya rasa shi a ɗakin nan kafin la'asar, da itace jibge har rufi a bayan gida.

Na durƙusa gabansa. "Baba, da bazara in an cire sobiya, wa ke rufe ramin bangon da bututu ke shiga?"

"Rufe shi ake yi?"

"Ba a rufewa rina su shigo?"

Ya amsa yana haki. "Ni dai in na dawo daga gona sai in tarar an kai ta rumbu. In sanyi ya zo in tarar an dawo da ita." Shekara hamsin yana jin ɗumin murhun nan bai taɓa tambaya ba.

Na kwashe garwashin a bokiti na jefa ta taga. Na jiƙa tawul na kama bututun, na yi ta girgiza shi har ya fita daga bango, kunkunniya ta wanke mini fuska. Na leƙa ramin, baƙi ƙirin, ba ko ɗigon haske. Na hau kujera na zura hannu har kafaɗa. Can ciki yatsuna suka taɓa wani abu mai laushi, an cusa shi da sanda yadda ido ba zai gani ba.

Da na jawo shi, iska mai sanyi ta huro mini a kunne.

Rigar sanyi ce ta ulu, koriya, gefe ɗaya ya babbake. Na san ta. Duk ƙauyen ya san ta, don Baba ya sa ta shekara ashirin, har gwiwar hannu ta huje, Mama tana cewa yana ba ta kunya a gidan biki. A watan Afrilu rigar ta ɓace. Mama ta rantse ta ba wani makiyayi, suka yi kwana uku ba ya cin abincinta.

Na ajiye rigar gefe. Na mayar da bututu, na jera ƙirare, na ƙyasta ashana ɗaya. Wutar ta kama da gurnani, hayaƙi ya bi hanyarsa. Na bar taga a buɗe har ɗakin ya washe, sannan na rufe.

Baba ya miƙo hannu na ba shi rigar. Ya juya ta, ya zura yatsa a hujin gwiwar.

"Makiyayi," in ji shi. "Wallahi Wafiƙa, ke maƙaryaciya ce."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'iza. Na zauna kusa da shi har numfashinsa ya daidaita, ƙarfen murhun ya yi ja, na tura dankali biyu cikin toka.

Ya ninke rigar a hankali ya ɗora mini a cinya.

"Ajiye ta da kyau, 'yar nan. In bazara ta yi, ke za ki mayar da ita ramin."

Na dubi taga. Ƙanƙara ta kai rabin gilashi, kuma har yanzu zuba take yi.

"To, Baba," na ce.