Tabon Haihuwar Fari

A rugarsu ta gabashin Sule Tankarkar ba a taɓa jin Yelwa ta ambaci sunan 'yarta ta fari ba. Hidaya sunanta, shekararta goma sha ɗaya, tana hannun kakarta ta wajen uwa tun ranar yaye. In an tambayi Yelwa 'ya'yanta nawa, sai ta sunkuyar da kai. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a gidansu abin yabo ce.

Haihuwar kuwa ba ta zo da sauƙi ba. Kwana biyu tana naƙuda kafin a kai ta Gumel a yi mata tiyata. Daga nan shiru, ko ɓatan wata. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, har ta gaji. Ita dai so take ta haifi wanda za ta goya a gaban kowa, ta kira sunansa da bakinta.

Da mijinta Abdulganiyu ya yarda a gwada asibiti, sai ya haɗa ta da mahaifiyarsa, Iya, shi ya bi shanu. Likitan namiji ne, ga layi har waje. Ko kansa bai ɗaga ba ya ce, "Kin taɓa haihuwa?"

Ina Yelwa za ta iya amsa wannan a gaban surukarta? Ta ƙura wa tafin hannunta ido. Iya ta ce, "Ai abin da ya kawo mu ke nan, likita."

Ya rubuta cewa ba ta taɓa haihuwa ba, ya ɗora ta a kan ƙwayoyi da allurai. Wata goma sha huɗu tana hawa babur zuwa Gumel, kowane wata jini ya zo ya ƙaryata ta. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma gaskiyar ma ba wanda ya faɗe ta, abin takaicin ke nan.

Daga ƙarshe aka tura su Kano, wurin wata likita mace. Ita wannan ba ta san kara ba, ta ce Iya ta jira a waje. Tana ɗaga rigar Yelwa ta ga tabo a ƙasan cibiya.

"Wannan fa? Takardarki ta ce ba ki taɓa haihuwa ba."

"Akwai guda ɗaya," in ji Yelwa, da ƙyar.

Bayan an yi hoton ciki, likita ta zaunar da ita. Ta ce ɗinkin mahaifar ya warke ya bar ɗan rami, jini yana taruwa a ciki, yana iya hana ciki zama. Ba kowace mai tiyata ke samun haka ba. "Bayan al'ada kina ganin ɗigon jini baƙi-baƙi?"

Shekara goma Yelwa tana ganinsa. Malamar Islamiyya kaɗai Yelwa ta taɓa tambaya a kai, shi ma don ta san ranar da za ta yi wanka ta koma salla.

"Ana iya gyara wurin," in ji likita. "Alkawari ne ba zan yi miki ba. Shekarunki sun ja, kuma wata goma sha huɗun nan da kika yi kina shan magani, su ne muka fi buƙata."

Yelwa ta fito. Iya na zaune a kan benci, ta rungume takalmansu a cinya.

"Me ta ce?"

Yelwa ta ƙaraso gaban bencin. Sannan ta dubi surukarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ta ce tun haihuwar Hidaya ne, Iya."

Tsohuwar ba ta tsawata mata ba. Ta sauke takalman ƙasa a hankali, ta juya su saitin ƙafar Yelwa.

"Ni na amsa wa likitan Gumel ranar nan," ta ce. "Ina jin daɗi wai na yi suruka mai kunya."