Kafaɗar Abdulrauf

Abdulrauf ya ɗaga ƙarfen sama da kansa, curin siminti a kowane gefe, wayarsa na jingine da bulo tana ɗaukar bidiyo. Sai kafaɗarsa ta dama ta ce ƙas. Ya saki ƙarfen ya durƙusa.

Ya daɗe yana wannan harka a bayan shagon cajinsa da ke Kankia. Ya shafe damatsa da mai, ya ɗauki hoto, ya rubuta "Namiji ba ya gajiya," samari har daga Kano su yi ta yaba masa. Tun azumi kuwa ƙanwarsa Jamilatu take kira daga Mawashi, wai jikin Baba ya ƙi, ana neman namijin da zai riƙa ɗaga shi zuwa bayi. Amsar kullum ɗaya ce: jibi yana nan tafe. Jibin Abdulrauf ba ta san hanyar Mawashi ba.

Yana nan durƙushe wayar ta yi ƙara.

"Yaya," in ji Jamilatu, "Baba ya cika."

Ya isa ana jera sahu. Da aka sallame, baffansa Dawuda ya ɗaga murya da alfahari: "Ku ba ɗansa gaban makara. Mun gan shi cikin waya, shi kaɗai ma ya isa."

Ya cije ya sa kafaɗa. Ba a yi nisa ba zafi ya tsarga masa har wuya, makarar ta karkata, mutane suka ɗauki salati. Wani dattijo ya karɓe shi ba tare da ya dube shi ba. A bakin kabari aka ce ya sauka ya karɓi mahaifinsa, hannun ya ƙi ɗaguwa. Maƙwabci ne ya sauka. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, wayar kuma na ta motsi a aljihu, ana yaba hoton jiya.

Da yamma Jamilatu ta kawo masa ruwa a zaure.

"Mi ya samu hannun?"

"Ƙarfe na ɗaga."

Ta ajiye ruwan a gabansa. Da faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi.

"Da ka zo, da ba ka sha wuya ba, Yaya," ta ce a hankali. "Ya rame ƙwarai. Ni ma da hannu ɗaya nake tada shi."