Ƙullin Kyauro a Bakin Gonar Kulinay

Ranar da Kulinay ta fara ganin sawun a kan katangar gonarta, ta daɗe a tsugune tana kallonsa. Ba na ɓauna ba ne, ba kuma na mutum ba. Wani dogon zane ne mai haƙora-haƙora da ya taho tun daga dajin saman dutse, ya bi ta kan katangar, ya gangara rafi. A wuri uku ya kwashe laka ya bar duwatsu tsirara. Sai da ta bi shi har kwanar katangar sannan ta gane tayar keke ce, kuma ba ɗaya ba. Keke a nan, inda mai ƙafa biyu ma sai ya taka a hankali.

Katangar nan ita ce ran gonar. Kakanta ne ya jera duwatsunta, tsayinta ya kai na mutum biyu, faɗin samanta kuwa bai wuce a ajiye kwando ba. Ta gefen ciki ruwan dutse yake bi, a ƙarƙashinta kuma fangalin irinta yake. Irin jar shinkafa ne da ta gada wajen mahaifiyarta. Duk garinsu Sagubat an koma irin kanti mai saurin nuna, ita kaɗai ta rage da shi. Dami ɗaya ta ɓoye bara, shi ta zuba gaba ɗaya, ya tsiro kore shar, saura sati huɗu a yi dashe. In katangar ta zube a kansa, ba shinkafar bana kaɗai ta tafi ba, irin ma ya tafi ke nan.

Amma hankalinta bai tashi sosai ba, don maganin abin a hannu yake. Ta yanko kyauro mai tsawo, ta ƙulle ganyensa na sama, ta kafa a bakin hanyar. Pudong ke nan, alamarsu ta hana shiga. Tun tana yarinya kawunta Lakay Bomogas, wanda yanzu shi ne babba a dandalin dattawa, ya kama hannunta ya koya mata ƙullin. A Sagubat ba a ƙetare pudong. Ɓarawo ba ya ƙetare shi, mashayi ma in ya gan shi sai ya yi tangaɗinsa ya kewaye. Kulinay ta kakkaɓe hannu ta tafi tonon dankali da zuciya ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi tana cire ciyawa a fangalin sai ta ji ihu daga sama. Ta ɗaga kai ta ga mutum huɗu suna gangarowa a guje, kowanne da hular kwano da matsattsun kaya masu launi. Ta miƙe ta tsaya ta ga yadda za su ci birki a gaban ƙullin. Na farko ya wuce shi ko kallo bai yi ba. Na biyu ya wuce. Na uku ya miƙa hannu ya tumɓuke shi, ya soke a jakar bayansa yana dariya.

Kulinay ta yi mutuwar tsaye. Shekararta hamsin da takwas a duniya, ba ta taɓa ji ko a labari an taɓa pudong ɗin wani ba, balle a yi ado da shi. Bakinta na buɗe har yanzu lokacin da mai kyauron ya hau katangar, dutse ya goce a ƙarƙashin tayarsa, shi da keken suka yi sama suka faɗo tsakiyar irin. Inda ya faɗi ya kwantar da tsiro faɗin tabarma.

 Ta janyo keken daga laka, ta saɓa a kafaɗa kamar itacen girki, ta kama hanyar gari. Shi kuma ya biyo ta yana ɗingishi yana ba da haƙuri, kyauron na lilo a bayansa.

Sunansa Renz, ɗan birnin Manila ne, kuma a gaskiya yaron yana da ladabi. A gaban dattawa ya cire hular kwanon, ya ce a taswirar wayarsa suka ga hanyar, ba su san da mai ita ba, ciyawar kuma ya ɗauka ciyawa ce kawai. Lakay Bomogas ya bar shi ya gama, sannan ya yanke abin da ake yankewa tun zamanin kakanni: wanda ya ƙetare pudong, alade ne tararsa, a yanka a dandali gari ya ci.

Kowa ya san ba naman ne hukuncin ba. Hukuncin shi ne ka tsaya kanka a ƙasa gari na cin kunyarka, a yi shekara ashirin ana cewa ai ɗan wane ne da aka ci aladensa. Mutum na ƙarshe da aka yi wa haka, barin garin ya yi. Shi ya sa Kulinay ta zuba wa yaron ido, har da ɗan tausayinsa a ranta.

Renz ya ce, “Alade ɗaya? Shi ke nan, Baba? Ba 'yan sanda?”

Da aka ce masa shi ke nan, sai fuskarsa ta washe. Ya tambayi inda ake sayarwa, aka nuna masa Tasyo, yayan Kulinay, wanda shi kaɗai ke kiwon aladu da yawa a garin. Tasyo ya faɗi kuɗin da ya san za a raba biyu, yaron ya biya ko tayi bai yi ba. Ana fiɗa yana ɗauka a waya. Ya ci nama, ya kurɓi giyar shinkafa, ya rungume Lakay Bomogas aka yi musu hoto. Da zai tafi ya riƙe hannun Kulinay da hannu biyu ya ce bai taɓa jin daɗin rana kamar yau ba. Ta bi shi da kallo.

Kwana uku ta yi tana mayar da duwatsu tana liƙe su da laka. Ta sake kafa pudong, tana gaya wa kanta cewa ko ba komai yanzu sun san ma'anarsa.

Sun sani kuwa. Asabar ta gaba mutum goma sha biyu suka gangaro, suka tsaya a gaban ƙullin ɗaya bayan ɗaya aka yi musu hoto, sannan suka ƙetare suna tafi. Kafin Kulinay ta hau gari, har an ɗora ruwan zafi na fiɗa a dandali. Ashe tun Alhamis Renz ya kira Tasyo a waya ya ce a ware musu alade mai ƙiba.

Ta tsaya gaban dattawa ta faɗi abin da ta gani. Duwatsu tara sun fita, ruwa ya fara tsattsafowa ta cikin katangar, laka ta binne kusan kashi ɗaya cikin uku na irin. Lakay Bomogas ya saurare ta yana sakace haƙori. Ya ce ta yi gaskiya, an yi mata laifi, amma doka ta ce alade, ga alade kuma an kawo. Shi bai gaji wata doka da ta wuce wannan ba, ba zai ƙirƙiro sabuwa da furfurarsa ba. Sauran dattawan suka gyaɗa kai, bakunansu na ƙyalli. Gari ne da ake ganin nama sai biki ko mutuwa, yau ga shi Asabar biyu a jere. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Tasyo ya biyo ta har bakin hanya yana cewa, “Ke dai kin cika taurin kai. Shinkafar da ke wata bakwai a gona? Zan saya miki buhu biyu na kanti ki huta.”

Ta ce, “Yaya, irin Inna ne fa.”

Ya ce, “Inna ta mutu, Kulinay. Mu ne ke jin yunwa.”

A hanyar gida ta yi ta juya abin har ta gano bakin zaren. Ba hanyar kaɗai ke kawo su ba yanzu, ƙullin ne da bikin da ke bayansa. In babu ƙulli babu tara, in babu tara babu nama, dattawa kuma za su tuna cewa gonar tana da mai ita. Da hannunta ta tumɓuke pudong ɗin, abin da ba ta taɓa zaton za ta yi da fushi ba. Ta sari gora ta yi shinge a bakin hanyar, irin wanda ake yi wa dabba, ta ɗaure shi tam. Ta ji kunyar shingen ƙwarai, don a Sagubat ba a yi wa mutum shinge. Ranar Alhamis ta gama shi, saura kwana takwas dashe. In ta tsallake wannan Asabar ɗin, ta tsira.

Ranar Asabar ɗin ta fito da sassafe da adda a hannu don ta zauna gadin shingen. Tun daga nesa ta hango mutum biyu a wurin, ta ƙara sauri tana mamakin sammakon 'yan keken. Da ta matso ta ga ba su ba ne. Tasyo ne ke kwance igiyar shingen, ya riga ya jingine gora uku a gefe. Kusa da shi Lakay Bomogas na tsugune, ya kafa sabon kyauro a ƙasa, yana ƙulle ganyensa a hankali.

Addar ta suɓuce daga hannunta. Ta dubi kawunta.

“Kawu, me kake yi a gonata?”

Tsohon bai ɗago ba. Ya ja ƙullin ya gwada ƙarfinsa, ya ce, “An ce kin cire naki. Su kuma sun riga sun taso tun jiya, mutum ashirin da shida, alade biyu. In suka zo ba su tarar da shi ba, da wane dalili za mu karɓa? Roƙo za mu yi?”

“Kai ka ce min wannan ƙullin ya fi ƙofar ƙarfe.”

“Na faɗa,” in ji shi. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. “Ki yi haƙuri, 'yata. Na yau kaɗai.”

Tasyo bai yarda sun haɗa ido ba. Daga can saman dajin aka fara jin ihu da ƙarar birki.

Kulinay ta dubi ƙullin, ta dubi katangar da ke tsiyayar ruwa ta wuri huɗu. Ba ta ɗauki addar ba. Ta gangara da gudu ta faɗa fangalin, laka har gwiwa, ta fara tumɓuke tsiron da hannu biyu tana zubawa a zanenta. Bai isa cira ba, saiwarsa siririya ce kamar zare, rabi na tsinkewa a hannunta. Tana cira tana kuka, ba ta ma san tana yi ba.

Keken farko ya hau katangar, ƙasa ta zubo mata a wuya. Renz ne, ya ɗaga mata hannu ɗaya yana kiran, “Ina kwana, Inna!” Na biyar ne ya ture dutsen kwana, ruwa ya ɓalle ta gurbin, ja wur da laka, ya shimfiɗu a kan abin da ba ta kai ga cira ba. Saura keke ashirin da ɗaya a baya.

Ta cikin ƙarar ruwan ta ji muryar kawunta daga bakin hanya, da tausasawa irin ta mai lallashin yaro.

“Kulinay, in kin gama ki hawo. Na ce a ajiye miki cinya.”