Na Biyar a Filin Reluwe

Silvanus Kumai yana durƙushe a gindin mangwaro yana ɗaure garkuwar ƙwauri, sai ga kyaftin Wilfred ya zo ya tsaya a kansa. Wilfred malamin sakandare ne, ɗanyen yaro a idon Silvanus, amma shi ke riƙe da ƙungiyar kurket ta reluwen Kafanchan tun da tsofaffi suka watse.

"Baba Silva, mun yi shawara," in ji Wilfred. "Wasanmu na yau da Jos shi ne na ƙarshe. Kai za ka buɗe mana."

Silvanus bai ɗaga kai ba. Can bakin fili ga tarakta an ajiye tun jiya. Gwamnati ta ce a wannan shekara ta 1976 duk filin da ke kwance a noma shi, don haka ranar Litinin za a kifar da wurin a zuba masara.

"Ni na biyar ne," ya ce.

"Na sani, Baba. Amma mutanen Jos ba su ci maki da yawa da safe ba. In yaran nan suka zauna, layi ba zai kai wurinka ba."

"Zai kai. Kullum yana kaiwa."

Wilfred ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Duk wanda ya yi aiki da Silvanus a gidan gyaran injin jirgi ya san idan ya kafe, sai dai a kewaye shi.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum goma sha ɗaya ne a ƙungiya, amma bibbiyu suke shiga bugu. Ana shimfiɗa doguwar tabarma a tsakiyar fili, ɗaya ya tsaya a wannan kai, ɗaya a wancan, kowa da sanduna uku a bayansa. A jefo ƙwallo, ka doka da katako, ku ruga ku sauya wuri, maki ɗaya ke nan. In ƙwallo ta kaɗe sandunanka ko aka cafe ta a sama, ka fita, na gaba ya shiga. Na farko da na biyu su ake tafa wa. Na biyar kuwa mai gyaran ɓarna ne. Wata rana ya tarar an zubar da mutum uku a banza, sai ya kafe ya hana rushewa. Wata rana ya tarar lokaci ya ƙure, sai ya yi ta duka ba ji ba gani. Bai san wanne zai tarar ba sai ya tashi. Kafin nan zama ne nasa, cikin garkuwa da safar hannu, zufa na bin ƙafa.

A kan benci kusa da shi 'yarsa Afiniki ce zaune da lema a cinya. Nas ce a Kagoro, motar safe ta kawo ta, kuma ba ta taɓa ganin ubanta da katako a hannu ba. Tana ƙarama, ranar Asabar da ake wasan ta koyon waƙar coci ce wurin uwarta Emilia. Emilia ta rasu shekara uku ke nan, tun daga nan Silvanus yake zaune shi da rediyo a kwatas. Kuma kada a ɗauka shi ya kira Afiniki. Wani direban Kagoro kawai Silvanus ya gaya wa cewa za a nome fili, ya maimaita masa har sau biyu, ya koma gida yana fatan magana za ta kai. Haka yake. Roƙo bai taɓa fita bakinsa ba, so yake a gane.

Martins da Zamani suka shiga suka buɗe wasa. Samari ne masu jini a jika, ƙwallo sai tashi take yi.

"Baba, yaushe za ka shiga?" in ji Afiniki.

"Sai mutum uku sun fita."

"To in ba su fita ba?"

Ya mai da ido kan fili.

A bayansu samarin ƙungiya suna gardamar wa ya fi kowa iya bugun tsakiyar layi a duniya, suna ta jero sunayen baƙaƙen fata na ƙetaren teku da suke ji a rediyo. Wani ya ce a tambayi Baba.

"Waɗannan a kunne kuka san su," in ji Silvanus. "Wanda na gani da idona, Nicholas ne."

Samarin suka kalli juna suna murmushi, don sun sha jin wannan. Afiniki ce kawai ta juyo.

"Nicholas na kwatas ɗinmu? Baban su Irene?"

"Shi. Shi na huɗu, ni na biyar. A wasan nan, in ka buga sai ka kira abokinka, ka ce zo, ko ka ce tsaya. In ba ka kira ba, ɗaya zai gudu ɗaya ya tsaya, a fitar da ku. Ni da Nicholas ba mu taɓa kira ba. Zan ɗaga ido kawai, sai na gan shi a hanya."

Nicholas ɗan Gabas ne, direban jirgi. A rikicin shekarar sittin da shida Silvanus ne ya ɗaukar masa akwati har tasha. Ko a nan ba su ce wa juna komai ba. Yaƙi ya zo ya wuce, waɗansu sun dawo sun karɓi aikinsu, Nicholas shiru har yau. Silvanus yana kewarsa fiye da yadda zai iya gaya wa kowa, kuma tun daga lokacin duk wanda aka sa na huɗu, baƙo ne a wurinsa.

Aka cafe ƙwallon Martins, ya fita. Can an jima ƙwallo ta kaɗe sandunan na uku. Wilfred, wanda shi ne na huɗu, ya ɗauki katako ya shiga. Saura mutum ɗaya ya fita. Silvanus ya sa safar hannu, ya gyara hula, ya zauna a bakin benci kamar ranar da ya fara.

Amma maki sai ƙaruwa yake, abin da ya rage su wuce makin Jos kaɗan ne. Zamani ya doka wata ƙwallo sama, ta yi tsayi, wani ɗan Jos ya shiga ƙarƙashinta yana ware hannu. Silvanus ya miƙe tsaye. Mutumin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana yi wa ƙungiyar nan addu'a, sai ya ji zuciyarsa tana cewa, Ubangiji, ya cafe. Ƙwallo ta daki tafin ɗan Jos ta zame ƙasa. Samari suka yi ihu. Silvanus ya koma ya zauna, kunya ta rufe shi.

Jifa biyu bayan haka Zamani ya sharara ƙwallo har ƙarƙashin tarakta. Kafanchan ta ci wasa.

Aka ɗaga Zamani sama, aka yi musabaha. Mutanen Jos suka kwashi kaya da sauri don kada jirgin yamma ya bar su. Wilfred ya zo yana share zufa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, da ka yarda..."

"Kun yi wasa mai kyau," in ji Silvanus. "Idan na biyar bai shiga ba, ai gida lafiya ne."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ta rage masa komai ba. Aka naɗe tabarma, aka tumɓuke sanduna, kowa ya nufi kulob shan abin sanyi. Shi yana nan a benci da garkuwa a ƙafa.

"Baba, mota na Kagoro zai tashi," in ji Afiniki.

"Je ki kada ki rasa."

Ya tashi, ba wajen titi ba, wajen tsakiyar fili. Garkuwa tana sa mutum tafiya kamar agwagwa, haka ya taka har inda tabarma ta bar sawu a ƙasa. Ya tsaya a gurbinsa, ya ƙwanƙwasa katako a ƙasa yadda ya saba, ya ɗaga ido ya dubi wancan kai. Ba kowa sai ramuka uku na sanduna.

Sai ya ji takun ƙafa. Afiniki ce ta wuce shi, takalmanta a hannu, ta je ta tsaya daidai ramukan, ta riƙe lema kamar katako.

"Nan ne wurin Baba Nicholas?"

Ya gyaɗa kai.

"To, buga mana."

Silvanus ya dubi hagu da dama, ba mai kallo. Ya tura ƙafar hagu gaba, ya kai wa iska duka mai tsabta, irin wanda ya tanada tun safe. Sannan ya ɗaga ido ya kalle ta, ya fara takawa.

Afiniki ba ta motsa ba. Tana tsaye da lemarta tana kallonsa, tana jira. Ya ƙara kallonta da kyau. Ko gezau.

"Baba, ni ba Nicholas ba ne," ta ce. "Sai ka faɗa."

Can tasha jirgin Jos ya yi kuka. Silvanus ya tsaya a tsakiyar hanya, katako a hannu. Ya yi gyaran murya, kalmar ta fito da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Zo," ya ce.

Ta tattare zaninta ta rugo.